Ƙungiyoyin taimakon sababbin baƙi: me suke yi wa mutum, kuma me suke ci a ciki?

Sabuwar Baƙuwa ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Na daɗe ina leƙowa ina karanta hirarku ban taɓa tofa komai ba, yau dai ta kama ni.

Watanmu biyu da 'yan kwanaki a Kanada, ni da maigida da yara uku, da takardar zaman dindindin muka shigo. Ranar da na kai babbar 'yata makaranta, wata mata ta biyo ni har bakin ƙofa ta miƙo mini wani ɗan kati. Ta ce ita ma'aikaciyar wata ƙungiya ce mai taimakon sababbin baƙi, in kira ta ko in je ofishinsu, komai kyauta ne. Na yi godiya na jefa a jaka. Katin yana nan har gefensa ya fara lanƙwashewa.

Da na nuna wa maigida sai ya ce ruwa ba ya tsami banza. Wai mu ba gudun hijira muka yo ba, da ƙafarmu muka zo, da guzurinmu, ba zai je ya zauna gaban wata yarinya yana zayyana mata sirrin gidansa ba. Yana kuma tsoron duk abin da ka faɗa musu ya shiga kwamfutar gwamnati, ranar neman zama ɗan ƙasa a fito da shi a ce ka zama kaya. Akwai wani da ya riga mu zuwa da shekaru, ya ce mu bar komai a hannunsa, zai cike mana takardun kuɗin yara da gwamnati ke ba iyaye da na haraji, mu dai mu ba shi wani abu.

Ni abin da ke hana ni barci wasiƙu ne. Yanzu haka akwai ambulan bakwai a kan firji. Ina karanta Turanci, amma na ofis in na kai ƙarshen shafi sai in rasa me ake so in yi. Shekara tara ina koyarwa a firamare kafin mu taho, ban san ko takarduna suna da wata daraja a nan ba, ga auta bai isa makaranta ba, ba ni da inda zan bar shi. Don Allah waɗanda suka taɓa shiga irin waɗannan ofisoshi, me ake yi a ciki? Wa yake biyansu? Tsoron maigida yana da tushe?

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da zuwa, Allah ya sa kun shigo a sa'a. Ɗauko katin nan daga jaka ki kira matar gobe da safe. Shekarata goma sha huɗu a ƙasar nan, kuma wata takwas na farko haka na ɓata su ina irin wannan tunani na maigidanki, shi ya sa maganarki ta taɓa ni.

Bari in fara da wa yake biyansu, tunda nan ne zargin yake. Yawancin kuɗinsu daga ma'aikatar shige da fice ta tarayya yake fitowa, wadda ake kira IRCC, sai abin da lardi da gari da masu ba da gudummawa suka ƙara. Gwamnati ce ta shigo da ku don ku yi aiki ku biya haraji, to ta ga gara ta biya wani ya nuna muku hanya da ta bar ku kuna lalube shekara biyu. Banza ba ta kai zomo kasuwa, gaskiya ne, amma ribar da ake nema a nan ita ce ku tsaya da ƙafarku da wuri. Kuma ba don 'yan gudun hijira kaɗai aka yi shi ba. Mai takardar zaman dindindin shi ne ainihin wanda aka ware wa kuɗin. Ɗalibai da masu bizar aiki ta wucin gadi su ne ma galibi ba sa cikin wannan tsari na tarayya, sai su nemi wanda lardi ko wata ƙungiya ta ɗauki nauyi. Ranar da kika zama 'yar ƙasa kuma, ƙofar ta rufu.

Maganar kwamfuta, ba zan yi miki ƙarya ba: za su karɓi katinki su rubuta lambarsa, kuma suna kai wa ma'aikatar rahoton cewa wance ta zo, an yi mata kaza. Da wannan suke nuna sun yi aikin da aka biya su. Amma ba ya cikin abin da ake dubawa wajen ba da takardar ɗan ƙasa. Can ana ƙirga kwanaki ne, 1,095 a cikin shekara biyar, a duba ko kin cike takardun haraji, sai harshe da jarrabawa ga masu shekara 18 zuwa 54. Ina jin abin da maigidanki ya jiyo shi ne batun tallafin gwamnati na marasa hali, wanda mai karɓarsa ba ya iya ɗaukar nauyin kawo ɗan'uwansa. Wannan daban ne. Zuwa a karanta miki wasiƙa ko ki shiga ajin Turanci ba tallafin marasa hali ba ne.

Ni ranar da na fara zuwa, da leda na je, cike da takardu, wasu ma ban buɗe ba. Matar ta share teburinta, ta zazzage ledar, ta yi tsibi uku. Ta ce wannan talla ne, zuba a shara. Wannan ki ajiye. Wannan kuma, ta ɗaga guda biyu, yau za mu amsa su. Ɗaya daga ciki ta hukumar haraji ce, suna neman shaidar cewa yaran suna tare da ni, an ba da wa'adi, saura kwana shida ya cika. Da na ƙara mako guda ina jin kunya da an tsayar da kuɗin yaran. Har yau in na tuna yadda ta sa jan biro ta zagaye kwanan watan sai gabana ya faɗi.

Kan kuɗin yaran nan ki riƙe abu guda: ke da maigida kowa sai ya cike takardar harajinsa duk shekara, ko da ke ba ki samu ko sisi ba. Wa'adin 30 ga Afrilu ne, kuma da ita suke sake lissafin abin da za su ba ku daga watan Yuli. Mata da yawa suna cewa ai ni ba na aiki, sai kuɗin ya tsaya su rasa dalili. Akwai 'yan sa-kai da ke cike wa masu ƙaramin ƙarfi takardar kyauta a lokacin haraji, sau da yawa a cikin ofisoshin nan ko a laburare. Saboda haka wancan bawan Allah da ya ce ku ba shi wani abu, ku gode masa kawai.

Ajin harshe sunansa LINC, kyauta ne. Sai an fara gwada ki a ga matakinki, matakan daga 1 zuwa 12 ne. Wurare da yawa suna da ɗakin reno a cikin ginin, kina aji auta yana wasa a ɗaki na gaba, sai dai layin masu jiran gurbin reno ya fi na ajin tsawo, ki sa sunanki tun yanzu. Takardar da za su ba ki in kin kai mataki na 4 a ji da magana tana isa shaidar harshe ranar neman zama 'yar ƙasa. Koyarwa kuwa, kowane lardi da hukumarsa mai ba malamai lasisi, kuma tantance takardun da kuka yi don shigowa ba shi ne lasisin ba. Hanyar tana da tsawo, ba zan ɓoye miki ba. Ki tambaye su, akwai masu wannan aikin kaɗai. In kin rasa inda za ki dosa a kan kowace irin buƙata, buga 211.

Malam Na Jamus ya amsa:

Hajiya ta gama magana. Ni dai in ƙara da cewa ba Kanada kaɗai ba ce. A nan Jamus ƙungiyoyi irin su Caritas da Diakonie da Red Cross ne ke riƙe da ofisoshin ba baƙi shawara, gwamnati na biya, kuma ba sa tambayar addininka duk da biyun farko na coci ne. Na faɗi haka don na san masu ƙin zuwa saboda sun ga gicciye a jikin allon ƙofa. Shekara uku ina zuwa wajensu, ba wanda ya taɓa yi mini wa'azi. Matasa 'yan 12 zuwa 27 ma ofishinsu daban ne.

Tun 2005 ake da kwas ɗin sajewa da jama'a: darasi 600 na Jamusanci, 100 na sanin doka da tarihin ƙasa, kowane darasi minti 45, a ƙarshe a yi jarrabawar matakin B1, wato matsakaicin iya harshe. Na shiga ina da shekara 41, ina zaune kusa da yaron da na haife shi. Wata biyu na farko kaina kamar zai fashe.

'Yar'uwa, ambulan bakwai ɗin nan su suka sa na yi magana. A nan akwai wata ambulan ruwan ɗorawa da kotu ko hukuma ke aikowa, mai kawo wasiƙa yana rubuta kwanan wata a bayanta da hannunsa, daga ranar wa'adi ya fara tafiya, ko ka buɗe ko ba ka buɗe ba. Hukunce-hukuncen ofis da yawa wata ɗaya ake ba ka ka ce ba ka yarda ba, wasu ma bai kai haka ba. In ya wuce, ko kai ke da gaskiya ka sha wuya. Ƙasashen nan da takarda suke magana, shirunka kuma amsa ce a wurinsu.

Tsohon Direba ya amsa:

Ni kan mutumin nan mai cewa a bar komai a hannunsa zan tsaya, don ni aka yi wa.

Ina Amurka. Da na zo, wani namu, mai faran-faran, kowa na kiransa Yaya, shi ya karɓi takarduna. Yana da ɗan ofis da tuta da hatimi. Ya cike fom ya ce in sa hannu a nan da nan, na sa, ban karanta ba, don ina jin nauyin in nuna ban yarda da shi ba. Bai ba ni kwafi ba, bai ba ni rasit ba. Adireshinsa ya rubuta a matsayin nawa. Wasiƙa ta zo tana kirana, tana can a durowarsa, ni ina kan titi ina tuƙi. Sai da wata ƙungiyar coci mai lauyoyi ta karɓi maganar, aka nemo fayil ɗina daga hukuma, na ga abin da aka rubuta da sunana. Rabinsa ban taɓa faɗa ba. Shekara biyu muka yi muna gyara abin da ya ɓata cikin awa ɗaya, kuma na yi sa'a, don wanda ya ƙi halartar zaman kotun shige da fice ana iya yanke masa hukuncin kora ba ya nan.

A Amurka mutum biyu ne doka ta yarda su ba ka shawara kan shige da fice: lauya, ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi, wanda ke aiki a ƙungiyar da ba ta neman riba. Mai hatimin shaida sa hannu ba lauya ba ne, ko da ya rataya takarda goma a bango. Fom ɗin hukuma kyauta ake sauke su a intanet, kuma akwai gurbin da wanda ya cike maka zai rubuta sunansa ya sa hannu. In ya ƙi sa nasa, to ka san akwai dalili. Ku ma a Kanada akwai hukumar da ke ba masu wannan sana'a lasisi, kuma ana iya duba sunan mutum a rajistarta.

Ga masu karantawa daga nan: neman mafaka cikin shekara ɗaya da shigowa ake yi, sauya adireshi kuma cikin kwana 10 ake sanar da hukuma. Yara kuwa, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 makarantar gwamnati ba ta da ikon korar yaro don iyayensa ba su da takarda. Duk waɗannan a ofishin ƙungiya na ji su, bayan na riga na ƙone.

Ba na cewa naku mugu ne, ƙanwata. Wataƙila da zuciya ɗaya yake yi. Amma in ya yi kuskure, wa za ku kai wa ƙara? A taron suna za ku haɗu, ku gaisa, ku haɗiye.

Tafinta ta amsa:

Kada dai a yi ta yabo har baiwar Allah ta je da dogon buri ta dawo da ɓacin rai. Ni a ciki nake, shekara shida ina tafinta ta sa-kai a wata ƙaramar ƙungiya a Ingila, bari in faɗi ɗaya ɓangaren.

Kuɗin waɗannan wurare na wa'adi ne, shekara ɗaya, biyu, uku. In ya ƙare, ma'aikaciyar da ta san labarinki tun daga farko sai ki zo ki tarar ta tafi, ki sake farawa da sabuwa. Masu ba da kuɗi kuma lamba suke so: mutum nawa aka gani, nawa suka samu aiki. To ma'aikacin da ake bi da lamba, in ya ga malamar makaranta mai shekara tara a aji, abu mafi sauƙi a wurinsa shi ne ya tura ta aikin da ke ɗauka gobe, sito ko kula da tsofaffi, ya rubuta ta samu aiki. Ba aibu ba ne aikin, na yi shi da hannuna. Amma na ga likitoci da injiniyoyi da suka shiga da niyyar wata shida, yau shekara goma. In kin je, ki faɗa da bakinki cewa aji kike so ki koma, ki ce a rubuta a fayil ɗinki, ki tambayi matakan ɗaya bayan ɗaya ko da za ki riƙe wani aikin kafin nan. In ba ki faɗa ba, za a zaɓa miki.

Kuma ba su da gidaje a aljihu. Wannan shi ne abin da ya fi sa mutane zaginmu. A nan, shekara da shekaru, wanda aka ba takardar mafaka kwana 28 aka riƙa ba shi ya bar masaukin gwamnati, ya nemo gida da asusun banki da abin yi. Mutum ya zo mana da murnar takarda a hannu ɗaya, wasiƙar tashi a ɗaya hannun. Abin da za mu iya shi ne buga waya, rubuta wasiƙa, raka shi ofishin ƙaramar hukuma. Wani lokaci ya yi, wani lokaci mu rabu da shi da yamma ba mu san inda zai kwana ba.

Abin da muke iyawa da kyau shi ne sanin haƙƙin mutum. Misali a Ingila kowa na iya rajista da likitan unguwa, ba sai da shaidar adireshi ko takardar zama ba, amma sau nawa ake mayar da baƙo daga teburin karɓar baƙi? In na raka shi na faɗi ƙa'idar da Turancin da suka saba ji, sai a miƙo fom. Mutum ɗaya, buƙata ɗaya, bambancin kawai wa ke tsaye kusa da shi.

Sai maganar sirri, wadda nake ganin ita ce ainihin damuwar maigidanki ko da bai faɗa haka ba. Ba gwamnati yake tsoro kamar yadda yake tsoron namu su ji ba. Na taɓa shiga ɗaki in yi tafinta, matar ta ɗago ta gan ni, ta gane ni, ta ja mayafi ta ce wa jami'ar ba ta da wata matsala, ta zo gaisuwa ne. Na fita na ce a nemo mata tafinta ta waya daga wani gari. Haƙƙinki ne ki nemi haka, ko ki ce mace kike so. Mun sa hannu kan riƙe sirri, wanda ya fitar korarsa ake yi, amma zuciya ba ta san sa hannu ba. Abu ɗaya da ba a rufewa shi ne in ana cutar da yaro ko ran wani yana cikin haɗari, kuma za su gaya miki haka tun farko. Don Allah kuma kada ki mai da babbar 'yarki tafintarki a asibiti ko a ofis. Na ga yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya tana fassara wa uwarta sakamakon gwajin da ita kanta ba ta san ma'anarsa ba, tana kallon fuskar likita tana kallon ta uwar.

Maman 'Yan Biyu ta sake amsawa:

Tafinta, ban musa miki ko ɗaya ba, ni ma sau uku aka sauya mini ma'aikaciya. Sai dai kan aikin sito ina da ja kaɗan. Wanda haya ke bin sa ba ya jiran lasisi. Kuma a nan kowa ya san masu ɗaukar aiki suna son ganin ka taɓa aiki a cikin ƙasar, ko wane iri ne. Ni daga wanke kayan wasa a ɗakin renon da nake barin 'yan biyuna na fara, ina sa-kai, matar da ke shugabantar wurin ita ta rubuta mini takardar shaida ta farko. Laifin ba a shiga ba ne, a manta da ƙofar fita ne.

Ƙanwata, game da maigida, kada ki tsaya gardama da shi. Ki je ke kaɗai tukuna. Maza da yawa sai sun ga takarda ta fito sannan suke tambayar ina ne wurin.

Sabuwar Baƙuwa ta dawo:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Yaya Maman 'Yan Biyu, na bi maganarki, na faɗa wa maigida zan je in tambayi ajin Turanci, ya ce a dawo lafiya. Jiya na je da auta da ambulan ɗina, sun zama tara kafin ranar.

Huɗu talla ne. Ɗaya ta kamfanin wuta ce, ɗaya katin lafiyar yara ne da muke ta jira, ashe yana kan firji mako biyu. Fom ɗin kuɗin yara mun cike tare, amma akwai wurin da sai maigida ya kawo bayanin abin da ya samu kafin mu shigo ƙasar, ta manna mini 'yar takarda rawaya a wurin. An ba ni ranar gwajin harshe nan da mako uku, reno kuwa ta ce in yi haƙuri, akwai mutane a gabana. Anti Tafinta, na faɗa mata aji nake so in koma, na ga ta rubuta, ta haɗa ni da wani abokin aikinta ranar Alhamis, ta ce in zo da takardun makarantata na asali da duk wata shaidar shekarun da na yi ina koyarwa. Shaidar nan ban taho da ita ba, sai na aika a nemo mini.

Da daddare na ajiye fom ɗin a gaban maigida ban ce komai ba. Ya juya shi, ya karanta har bayansa, ya ce wa ya cike wannan. Na faɗa masa. Ya yi shiru, can ya ce in tambaye ta ko suna da wanda ya san yadda ake sauya lasisin tuƙi, wai wani abokinsa ne ke son sani.